Ajayi, Yaron da Aka Musanya da Doki

A ranar 29 ga Yuni, 1864, babbar majami'ar Kantabari da ke Ingila ta cika maƙil. Mutum uku za a naɗa bishop a wannan rana, amma yawancin waɗanda suka taru ɗaya daga cikinsu suka zo gani: wani Bayarabe mai shekara hamsin da 'yan kai, mai suna Samuel Ajayi Crowther. Shi ne baƙar fata na farko da ɗarikar Anglikan ta ɗora a wannan matsayi. Cikin taron akwai wani tsohon hafsan sojan ruwa, Henry Leeke. Shekara 42 kafin nan, jirgin yaƙin da Leeke ke jagoranta ya tare wani jirgin bayi a bakin tekun Ikko, kuma cikin yaran da aka fito da su akwai wannan da ake ɗora wa hannu a ka.

Ba a sha wahalar neman sunan da za a ba wannan labari ba. Masu wa'azi a Ingila da Saliyo suka ce ga Yusufu na zamaninmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, Musulmi ne ko Kirista, ya san abin da ake nufi: yaron da 'yan'uwansa suka jefa rijiya, aka sayar da shi da kuɗi kaɗan, ya yi zaman kurkuku, ya wayi gari rumbunan Masar na hannunsa. Abin da nake so mu duba shi ne yadda Kiristoci ke karanta irin wannan labari, da yadda rayuwar Crowther ta gwada wannan karatu fiye da yadda masu yabonsa suka so.

Kiristoci Hausawa kan ce tanadin Allah. Ma'anarsa ita ce Allah bai halicci duniya ya juya mata baya ba. Yana riƙe da ragamar al'amura, har da waɗanda mutane suka ƙulla da mugun nufi. A ƙarshen littafin Farawa, bayan mahaifinsu ya rasu, 'yan'uwan Yusufu sun zo masa a tsorace, suna jin yanzu ne zai rama. Amsar da ya ba su ita ce ginshiƙin koyarwar: niyyarsu mugunta ce, amma Allah ya juya abin domin a ceci rayuka masu yawa daga yunwa. Abu biyu ke cikin amsar. Bai ce abin da suka yi ba laifi ba ne. Kuma bai ce an ɗaukaka shi don ya huce takaici ba. Mulkin da aka ba shi na ciyar da mutane ne, har da waɗanda suka sayar da shi.

Wannan zare ya ratsa Littafi Mai Tsarki. Hannatu, matar da kishiya ta daɗe tana yi wa gorin rashin haihuwa, ta yi addu'ar godiya ga Allahn da ke tashin matalauci daga ƙura ya zaunar da shi cikin manya. Dauda daga kiwon tumaki aka kirawo shi. Daniyel kamammen yaƙi ne a Babila kafin ya zama babba a fada. Waƙar Maryamu a farkon Bisharar Luka ta maimaita maganar saukar da masu iko da ɗaukaka ƙasƙantattu. A wurin Kirista kuwa duk waɗannan inuwa ce ta Almasihu, wanda Bulus ya ce ya ƙasƙantar da kansa har ya ɗauki siffar bawa, daga baya aka ɗaukaka shi. Wato a wannan fahimta ƙasƙanci hanya ce da Ubangijinsu da kansa ya bi.

Sai dai tun da wuri manyan malaman ekklesiya suka ga ramin da ke gefen wannan hanya. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta littafinsa Birnin Allah bayan an wawashe birnin Rum a shekarar 410. A ciki ya ce Allah na ba da mulkin duniya ga nagari da mugu baki ɗaya, don kada mai bi ya ɗauka kujera ce ladan bangaskiya. A riƙe wannan gargaɗi, za mu bukace shi.

An haifi Ajayi wajen 1809 a Osogun, cikin ƙasar Oyo. Lokacin daular Oyo na rugujewa. Afonja ya yi tawaye a Ilori, yaƙi ya bazu, kama mutum ya zama sana'a. A farkon 1821 mahara suka kewaye garin da hantsi. Ajayi da kansa ya bayyana su daga baya: Musulmin Oyo, da Fulani, da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu suka shiga rundunar. Wannan ɓangare bai da daɗin ji a kunnenmu, amma haka ya faru. Aka kama shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka ƙone garin, aka raba su kamar yadda ake raba ganima. Shi aka ba da shi a karɓi doki. Bayan 'yan watanni dokin bai gamsar ba, aka mayar da ciniki. Daga nan ya riƙa sauya hannu, kasuwa zuwa kasuwa, wani lokaci a bakin taba da giya, kullum ana ƙara matsawa da shi kudu. Da ya ji ana maganar sayar da shi ga Turawan Fotugal, ya yi yunƙurin shaƙe kansa da ɗamararsa.

A Ikko aka saka shi cikin jirgin Fotugal tare da mutum 180 da wani abu. Ko nisa ba su yi ba, a watan Afrilu 1822, jiragen yaƙin Ingila biyu suka kama su. Ingila ta haramta wa mutanenta fataucin bayi tun 1807, kuma ta sa jirage suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Yaran ba su san an cece su ba. Ajayi ya ba da labarin yadda suka ga naman alade a rataye da tulin harsasan igwa a jirgin Ingilishi, suka ɗauka naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. A watan Yuni aka sauke shi a Saliyo, inda ake zube duk wanda aka ƙwato.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. Ya koyi karatu cikin 'yan watanni. A Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na farko a kwalejin Fourah Bay, wadda ƙungiyar mishan ta CMS ta buɗe. A 1837 ya rubuta wasiƙa yana ba da tarihin kama shi, kuma a nan ne muka ji yadda shi kansa ya fahimci abin. Ya kira ranar da aka ƙone garinsu ranar baƙin ciki, kuma ranar albarka. Baƙin ciki domin an raba shi da gidan ubansa da ƙarfin tsiya. Albarka domin a ganinsa ranar ce Allah ya tsara ya kama hanyar inda zai ji bishara. Harshen Yusufu ke nan sak.

A nan ya kamata a tsaya. Wannan magana a bakin wanda aka ɗaure wa igiya a wuya daban take da ita a bakin mai riƙe da igiyar. A daidai wannan zamani akwai masu wa'azi a kudancin Amurka da ke cewa bauta alheri ce ga baƙar fata tunda ta kawo su ga Kiristanci. Kalmomin sun yi kama, amma ɗaya gafara ce daga wanda aka zalunta, ɗaya kuma wanke kai ne daga azzalumi. Crowther bai taɓa ɗaukar tanadin Allah a matsayin uzuri ga masu cinikin mutane ba. Ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da cinikin. Sannan akwai tambayar da masu wa'azin Landan ba su cika tsayawa a kanta ba. A cikin wasiƙar nan tasa ya ambaci cewa da dama daga cikin waɗanda aka ƙwato tare da shi sun nutse a teku kafin a kai Saliyo, sa'ad da guguwa ta kifar da jirgin da aka zuba su. Su ma an kama su, su ma an cece su. Koyarwar tanadi ba ta da amsa mai sauƙi game da su, kuma a ganina masu gaskiya cikin malamanta ba su taɓa cewa suna da ita ba.

Alaƙarsa da ƙasarmu ta fara a 1841. Gwamnatin Ingila ta tura jiragen tururi uku su hau kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a bar cinikin bayi a koma noma da fatauci. CMS ta sa mutum biyu cikin tafiyar: wani Bajamushe, James Frederick Schön, da Crowther, kuma aka umarce su su koyi Hausa domin ita ce harshen kasuwa a can sama. Tafiyar ta zama makoki. Cikin Turawa kusan 150, fiye da 40 zazzaɓi ya kashe. Darasin da Schön ya ɗauka shi ne aikin nan ba zai yiwu ba sai da 'yan Afirka. Shi kuma ya kamu da son Hausa har ƙarshen ransa: ya fitar da littafin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885, inda aka adana labarin Dorugu, wani yaron Bahaushe da shi ma ya ɗanɗani bauta.

An naɗa Crowther limamin coci a Landan a 1843. A 1846 ya isa Abekuta tare da Henry Townsend, kuma a can, bayan shekara 25, ya haɗu da mahaifiyarsa Afala. Da aka yi mata baftisma sai aka sa mata Hannatu, sunan uwar annabi Sama'ila. Ko marubucin ƙagaggen labari zai ji nauyin tsara abu haka. A 1851 aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya, ya karanta mata addu'ar Ubangiji da Yarabanci, ya kuma yi wa manyan gwamnati bayanin cinikin bayi a Ikko. A ƙarshen shekarar jiragen Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta suka tumɓuke Sarki Kosoko. Shekara goma bayan haka garin ya zama mallakin Ingila. Yaron da aka sayar a Ikko ya taimaka an rufe kasuwar da aka sayar da shi; ya kuma taimaka, ko da bai nufa ba, an buɗe ƙofar mulkin mallaka. Duka biyun gaskiya ne.

Mutumin da ya tsaya kai da fata sai an yi masa bishop shi ne Henry Venn, sakataren CMS. Ra'ayin Venn shi ne mishan kamar katakon da magina ke takawa ne: in gini ya tashi, a kwance shi. Yana son ekklesiya mai ciyar da kanta, mai mulkin kanta, mai yaɗa kanta. Crowther bai nemi muƙamin ba, ya ma yi ta ƙi. Townsend kuwa, abokin aikinsa na Abekuta, ya yi adawa a fili, yana ganin Bature ba zai zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Sai aka yi sulhu irin na 'yan siyasa. Aka naɗa shi bishop na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya, aka bar Turawan mishan na Ikko da Abekuta da Badun ƙarƙashin bishop Bature na Saliyo. Wato mutumin da ya fi kowa aiki a kan Littafi Mai Tsarki na Yarabanci, wanda aka kammala a 1884, an hana shi iko a kan ekklesiyar ƙasar haihuwarsa. Tun ranar naɗin rawanin da tsaga a jikinsa.

Abin da aka ba shi shi ne kogi: daga Bonny da Brass a bakin teku, zuwa Anacha, zuwa Lakwaja, har iyakar ƙasar Nufe. Kuɗi kaɗan, ma'aikata 'yan Saliyo waɗanda yawancinsu ba su yi karatu mai zurfi ba, kuma shekaru da yawa ba shi da jirgin kansa, sai ya jira na 'yan kasuwa. Da haka ya yi kusan shekara talatin.

Yadda ya yi mu'amala da sarakunan Musulmi shi ne ɓangaren da na fi ganin ya cancanci a sani a Arewa. Mutumin da mahara Musulmi suka ƙone wa gari yana da dalilin riƙo, amma bai riƙe ba. Ya riƙa zuwa Bida gaishe da Etsu Masaba, yana neman izini kafin ya kafa komai. Yakan ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, kuma tun yana Saliyo ya gane cewa gardamar kayar da abokin magana ba ta sauya zuciyar kowa. A 1872 a fadar Ilori aka yi masa tambayoyi a kan Isa ɗan Maryamu da ranar ƙiyama. Maimakon jayayya sai ya riƙa buɗe littafinsa yana karanta abin da ya ce. Da aka nemi ya nuna irin addu'arsu, ya karanta wadda ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a wajen ƙasarta sunan sarkin wurin ake sakawa. Fada ta gamsu. A shekarun 1880 Etsu Maliki na Bida ya aika masa saƙo a kan barasa, cewa tana lalata ƙasarsa, yana roƙonsa a matsayin uba ya kai kuka ga Sarauniya a hana shigo da ita. Sarkin Musulmi na neman bishop ya taya shi yaƙi da giyar da Turawa ke kawowa: in ana neman inda Crowther ya fi kama da Yusufu mai rumbu, nan ne.

Amma Venn ya rasu a 1873, zamani kuma ya juya. Maganin kwini ya sa Bature na iya rayuwa a bakin kogi, abin da tafiyar Baikie ta 1854, wadda Crowther ke ciki, ta tabbatar. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila a Kwara, ya matse 'yan kasuwa baƙar fata, ya samu takardar sarauta a 1886. An yi taron Balin an raba Afirka a kan tebur. A Turai kuma ana yayin wani ilimin bogi mai jera jinsunan mutane sama da ƙasa. Waɗanda a 1841 suka ce aikin sai 'yan Afirka, 'ya'yansu suka ce 'yan Afirka ba su isa ba.

A 1890 wasu samarin mishan suka iso Lakwaja ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Burinsu ƙasar Hausa. Sun sa riga da rawani, suna cin abincin gari, kuma ba za a ce ba su da himma ba. Sai dai sun zo da tabbacin cewa duk abin da suka tarar ruɓaɓɓe ne. Gaskiya akwai ɓaraka: wasu ma'aikatan sun shiga kasuwanci, an samu manyan laifuffuka a Anacha, kuma dattijon yana da sanyin hannu wajen hukunci, yakan fi son ya ja kunne ya ba da dama ta biyu. Amma maganin da suka kawo ya fi cutar. A watan Agusta 1890, a taron kwamitin kuɗi a Anacha, sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, a gabansa, har da ɗansa Dandeson wanda ke babban limami a yankin bakin teku. Mutanen da ba su kai shekarun 'ya'yansa ba suka yi wa tsoho mai shekara tamanin faɗa kamar yaron gida. Ya ajiye kujerar kwamitin. Aka sallami mafi yawan ma'aikatansa. Shekara ta zagayo ya samu shanyewar jiki, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891.

Labarin Yusufu ya ƙare yana kan mulki, 'yan'uwa na durƙushe. Na Crowther bai ƙare haka ba, shi ya sa littattafan yara na mishan suka fi son tsayawa a Kantabari. Amma in aka koma ga gargaɗin Agustin, da kuma tsarin da Bulus ya zana, ƙarshen bai saɓa wa koyarwar ba. Abin da ya saɓa wa shi ne sigarta mai araha, wadda ke auna yardar Allah da girman kujera. Ina ganin CMS ta so labarin bawa ya zama bishop domin yana tara gudummawa a coci-cocin Ingila, amma ba ta shirya wa abin da labarin ke nufi ba, wato Bature ya karɓi umarni daga tsohon bawa. Sun yarda Allah na ɗaukaka ƙasƙantattu, muddin su ne za su faɗi iyakar ɗaukakar. Har yau duk mai sauraron wa'azin da ke alkawarta ƙarin girma a ofis ga wanda ya jure, yana da kyau ya san wannan rabin na biyu.

Samarin ba su kai ƙasar Hausa ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson har Kano, ya koma ya rubuta ƙamus ya koyar da Hausa a jami'ar Kambirij. Wanda ya gaji Crowther Bature ne. 'Yan Afirka sai mataimaka aka riƙa ba su, kuma an haura shekara hamsin kafin wani baƙar fata ya sake riƙe dayosis ta Anglikan a Nijeriya da kansa. Bishop Herbert Tugwell, na biyu bayansa, shi ya jagoranci tawagar da ta isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Cikinsu akwai Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

A bakin teku kuwa coci-cocin Bonny ba su haƙura ba. A 1892 suka ayyana cin gashin kansu ƙarƙashin Dandeson, suna biyan limamansu da kuɗinsu, abin da Venn ya yi mafarki, sai dai ta ƙofar fushi ya shigo. Jikan Crowther ta wajen 'yarsa, Herbert Macaulay, ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya a 1923. A watan Yuni 2014, shekara 150 cif bayan naɗin, aka sake taruwa a majami'ar Kantabari, inda Akbishop Justin Welby ya tsaya ya bayyana nadamar ekklesiyar Ingila kan abin da aka yi wa Samuel Ajayi Crowther.